Goro, kati ko WhatsApp: da wanne za a gayyaci jama'a biki?

Da zarar an sa rana, hankalin gida yakan tafi kan lefe da kayan ɗaki da abincin baƙi. Maganar gayyata sai a jingine ta har sai saura mako biyu, sannan a tashi a rikice. A nan ra'ayi yake rabuwa. Ango yana ganin hoto ɗaya a WhatsApp ya wadatar, tunda kowa na da waya. Mahaifinsa yana ganin duk wanda ba a kai wa kati har gida ba, ba a gayyace shi ba. Mahaifiya kuma tana ɗaki tana lissafin alawa da goron da za a raba wa dangi da maƙwabta. Duk cikinsu babu wanda ya yi kuskure, kowa da irin mutanen da yake hangowa ne.

Hanyoyin da ake bi a ƙasar Hausa yau huɗu ne: zuwa da ƙafa tare da goro, katin da aka buga, saƙon waya, sai sanarwa a masallaci ko a rediyo. Kafin a ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, ya kamata a san da me za a auna su.

Abin da za a duba kafin a zaɓa

Na farko shi ne girmamawa, wato yadda wanda aka gayyata zai ji a ransa. Wannan ya fi sauran nauyi, domin ɓacin ran gayyata yana daɗewa. Akwai zumuncin da ya yi sanyi shekara da shekaru a kan magana ɗaya: "Ai ni a gari na ji."

Na biyu kuɗi, kuma ba kuɗin bugawa kaɗai ba. Man mota, kuɗin adaidaita, da ranakun da mutum zai bar sana'arsa yana yawon rabo duk suna cikin lissafi. Na uku, ko saƙon zai isa hannun mai shi ya kuma zauna a wurinsa har ranar biki. Na huɗu, sauƙin gyara idan aka samu canji, domin rasuwa ko rashin lafiya na iya ɗage rana a kowane lokaci. Na ƙarshe haɗari: kuskuren suna, 'yan gayyar soɗi, da bayanan gida su faɗa hannun da bai dace ba.

Akwai kuma bambancin da mutane kan manta. Ɗaurin aure taro ne buɗaɗɗe. Addini ya so a bayyana aure, kuma yawan jama'a a ƙofar gida ko a masallaci abin farin ciki ne, ba ya ƙara wa mai gida wani nauyi mai yawa. Amma kamu, wuni, walima da dina akwai kujera, akwai faranti, akwai iyakar abin da aka tanada. Hanyar da ta dace da na farko tana iya jawo kunya a na biyu. Shi ya sa ba a yi wa duka shagulgulan gayyata iri ɗaya.

Sannan gayyata nauyi ce ake ɗora wa mutum. Amsa ta yana cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan'uwansa, kuma ya tabbata daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa wanda aka kira walima ya je. Wanda zai ɗora wa wani wannan nauyi, ya kamata ya sanar da shi da wuri, ya kuma faɗa masa rana da wuri da lokaci ba tare da ruɗani ba.

Aikin farko dai ba zuwa wurin mai buga kati ba ne. Zama za a yi da biro da littafi, uba da nasa jerin sunaye, uwa da nata, ango ko amarya da nasu, a haɗa. A wannan zaman ne ake tuno gwaggon da ke aure a wani gari, da tsohon maƙwabcin da ya tashi daga unguwa.

Zuwa da ƙafa da goro

Wannan ita ce tsohuwar hanya, kuma har gobe babu wadda ta kai ta wajen girmamawa. Hausawa suka ce zumunci a ƙafa yake. Ana yin ta ne ga manya: abokan mahaifi, surukan gida, liman, mai unguwa, malamin da ya karantar da ango ko amarya, da maƙwabtan da ake haɗa katanga da su.

Sai dai a nan akwai wani abu da matasa kan yi tuntuɓe da shi. Akwai mutanen da ba a gayyatarsu sam, domin bikin nasu ne. Baffa, kawu, gwaggo, yayan uba, waɗannan da su ake shawarar sa ranar tun farko, kuma sau da yawa a cikinsu waliyyi ko wakili yake. Ka rubuta sunan baffanka a bayan ambulan ka miƙa masa kamar baƙo, ka mayar da shi bare ke nan. Abin da ake yi shi ne a kai masa damin kati da nasa kason goro, a ce ya gayyaci jama'arsa.

Wanda za a aika ma abin dubawa ne. Ba a tura ƙaramin yaro wurin dattijo da saƙon aure. In mahaifi ba zai samu zuwa da kansa ba, babban ɗa ko ƙanen uba ya je, da hantsi ko bayan la'asar, ba lokacin cin abinci ba, ba kuma bayan isha ba. Ya yi sallama, ya cire takalmi, ya durƙusa, a gama gaisuwa tukuna. Maganar ba ta da tsawo:

"Baba, Alhaji ne ya ce in zo in gaishe ku, in kuma shaida muku an tsayar da ranar auren ƙanwata. Asabar ce ta biyu a watan gobe, ƙarfe sha ɗaya, a ƙofar gida. Ga goro ya ce a kawo muku."

"Madalla, madalla. Allah ya sanya alheri, ya nuna mana lokacin. Ka ce da shi ina gaishe shi."

Minti biyar ne, amma dattijon nan zai zo da wuri, ya zauna a tabarmar gaba, ya kuma taho da mutanensa.

Ta ɓangaren mata, alawa da cingam ake ƙullawa a raba gida-gida, wasu su haɗa da dabino. Ladabin wurin shi ne idan gidan akwai mata fiye da ɗaya, kowacce a ba ta nata a hannunta, a kira ta da sunanta. Ba a damƙa wa uwargida a ce ta raba, ba a kuma ba wadda aka fi sabo da ita a tsallake abokiyar zamanta. Yana da kyau kuma maganar ta kai kunnen mai gidan, domin da izininsa za a fita. Mace da kika taɓa yi wa gudummawa a nata bikin, ko ta yi miki, rashin gaya mata ba ƙaramin laifi ba ne. Ita a wurinta kin yanke wata igiya ce da ke tsakaninku.

Kuɗin wannan hanya ya danganta da yawan gidaje da nisansu. Goro da ƙwarya ake sayensa, ɗari ke nan, kuma farashinsa yana hawa yana sauka da kaka da tsadar mota daga kudu. Wanda yake Kano, kasuwar Mariri ta fi sauƙi a kan sayen tsinta-tsinta a bakin titi. Ba ya son a saye shi da wuri ƙwarai: in ba a adana shi cikin ganye ana yayyafa ruwa ba, zai bushe ko sankara ta ɓata shi, kuma busasshen goro ba abin kai wa babba ba ne. Dattawa da yawa yanzu sun daina cin goro saboda shawarar likita, amma wannan bai hana su karɓa su rabar ba. Abin da ya fi goron tsada shi ne zirga-zirga.

Rauninta guda biyu ne. Maganar baki tana shiga mantuwa, "Asabar ta biyu" ta koma "Asabar ta uku". Kuma in an ɗage rana, sai an sake bin gidajen ko a buga waya ɗaya bayan ɗaya. Maganin na farko shi ne a ajiye kati a kan goron.

Katin da aka buga

Kati shi ne abin da mutum zai sa a aljihun gaba ko ya soke a jikin kalanda, ya duba da safen ranar. Wajen dawwama babu kamarsa. Shi ne kuma abin da ma'aikaci zai iya ajiye wa shugabansa a ofis, ko ɗan kasuwa ya miƙa wa maƙwabcin rumfa. Amma shi ne ya fi kowace hanya yawan wuraren da ake yin kuskure, kuma kuskurensa ba ya goguwa.

A fara da abin da ake rubutawa. Al'adarmu iyalai ne suke gayyata, ba ango da amarya ba: iyalan wane da iyalan wane suna farin cikin gayyatar wane zuwa ɗaurin auren 'ya'yansu. Saboda haka kafin a kai wa mai bugawa, dole gidajen biyu su ga rubutun su amince. A tambayi kowane gida yadda yake so a rubuta sunansa. Idan mahaifi ya rasu, a sa Marigayi. Idan yana da sarauta, a rubuta ta cikakkiya da garinta, domin Madakin wani gari ba Madakin wani ba ne, kuma masu sarauta suna lura da wannan ƙwarai. Haka Alhaji, Malam, Farfesa, Dakta, Mai Shari'a. Wanda ya riƙe yarinya tun tana ƙarama har ya aurar da ita, a yi shawara a cikin gida kan yadda sunansa zai fito tare da na mahaifinta. An sha samun ɓacin rai a wannan gaɓar, kuma magana ce da manya za su yanke, ba mai kwamfuta ba.

Sai rana. A rubuta sunan ranar da kwanan wata, a kuma ɗauki kalanda a tabbatar sun dace. Kati ya ce Asabar alhali kwanan watan Lahadi ne, wannan yana faruwa fiye da yadda ake zato, musamman idan mai zane ya ɗauko tsohon aikin wani ya canja sunaye. Kwanan watan Musulunci yana ƙawata kati, amma a tuna da ganin wata yake tafiya. Idan an buga kati kafin watan ya kama, sanarwar fadar Sarkin Musulmi tana iya bambanta da kalanda da kwana ɗaya, don haka kada a dogara da shi shi kaɗai. Lokaci ma a fayyace. "Bayan sallar Juma'a" ba ta isa ba sai an faɗi masallacin, domin wani ƙarfe ɗaya yake tayarwa, wani sai biyu da rabi. Mutanen Kano su duba kada ranar ta faɗo Asabar ɗin ƙarshen wata, lokacin tsaftar muhalli da ake taƙaita zirga-zirga da safe. Baƙin nesa su ne suka fi shan wahalar wannan. Idan kuma aure ne tsakanin dangin Najeriya da na Nijar, kamar yadda ake yi tsakanin Katsina da Maraɗi ko Daura da Damagaram, a sani a garuruwa da dama na Nijar da sassafe ake shafa fatiha, kuma katinsu da Faransanci aka saba rubuta shi. Wanda ya saba da ƙarfe sha ɗaya zai tarar an watse. Irin wannan aure, a sa Hausa a katin kowa ya karanta.

Wuri kuma a yi masa kwatance irin wanda mutane ke ganewa. Lambar gida ba ta kai baƙo ko'ina a yawancin unguwanninmu. Sunan unguwa, masallaci ko makarantar da ke kusa, da layi na nawa, su ne ke aiki. Lambobin wayar da ake sawa a ƙasa su zama na mutum biyu ko uku da suka san hanya kuma za su ɗaga waya a ranar. Ba lambar ango ba, ba ta amarya ba.

Abu biyu ne nake da ra'ayi mai ƙarfi a kansu. Na farko, rubuta ayar Alƙur'ani a kan kati. An saba sa Bisimilla da ayar nan ta Suratur Rum mai maganar natsuwa da soyayya da jinƙai tsakanin ma'aurata, kuma niyyar mai kyau ce. Amma duk wanda ya bi ta wurin ɗaurin aure bayan an watse ya ga inda katunan suke ƙarewa: a ƙasa, ana takawa, iska na kai su kwata. Malamai sun daɗe suna jan hankali a kan wannan. Addu'a da Hausa, irin "Allah ya ba da ikon zuwa", ta wadatar. Na biyu, hoton amarya. Katin ɗaurin aure yana shiga hannun ɗaruruwan mutanen da ba su san ta ba, kuma ba ya buƙatar hoto kafin ya yi aikinsa.

Idan da Hausa za a rubuta, a lura da haruffa masu lanƙwasa. Yawancin salon rubutun ado da masu zane ke so ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Ko dai su fito da ɗan akwati a gurbin harafin, ko mai zane ya mayar da su k da d da b, sunan mutum ya canja. A ce ya buga guda ɗaya na gwaji, a kai gida, mutum uku daban-daban su karanta a takarda, ba a fuskar waya ba. Sai an sa hannu a wannan sannan a buga sauran.

Kuɗinsa ya danganta da kaurin takarda, yawan launi, da adadi. Takarda mai nauyin giram 250 zuwa 300 ta isa kati mai mutunci wanda ba zai lanƙwashe a aljihu ba. Idan kaɗan ake so, ɗari ko ɗari biyu, injin da ke bugawa kai tsaye daga kwamfuta ya fi sauƙi. Idan ana maganar dubu ne, babban injin maɗaba'a, wanda sai an haɗa masa farantin bugu kafin ya fara aiki, ya fi, domin kuɗin farko ne mai nauyi, kowace ɗari da aka ƙara bayan nan arha take zuwa. Saboda haka gara a buga da ɗan rara tun farko da a koma neman ƙarin hamsin. Farashi kuwa a tambayi wuri uku a makon da za a yi aikin, domin kuɗin takarda ba ya zama wuri ɗaya. A kuma kula da lokacin cunkoso: watan Sha'aban da kowa ke son a ɗaura kafin azumi, bayan ƙaramar salla, ƙarshen shekara, da lokacin yaƙin neman zaɓe da fastocin 'yan siyasa ke cika maɗaba'u. A irin waɗannan lokuta "gobe ka dawo" tana iya zama mako guda.

Rabo shi ne inda kati ya fi mutuwa. A damƙa wa abokin ango guda hamsin, bayan biki a tarar da talatin a aljihun mota. Kowane dami a rubuta wanda ya karɓa da sunayen da zai kai wa, a kuma tambaye shi bayan kwana uku. Sunan wanda aka gayyata a rubuta shi da hannu, da laƙabinsa. Katin da aka bar gurbin suna fari fat yana gaya wa mutum cewa ragowa ce aka ba shi.

Katin alfarma

Wannan reshe ne na kati, amma ya cancanci a ware shi. Shi ne mai zuwa a cikin akwati, da rubutun ruwan zinari ko a kan roba mai kama da gilashi, wani lokaci da turare da dabino a ciki. Yana da kyau a ido, ana kuma ajiye shi. Sai dai kuɗin guda ɗaya zai buga katin yau da kullum masu yawa, yana ɗaukar lokaci kafin a haɗa, kuma in aka yi kuskure asarar babba ce.

Damuwata da shi ba kuɗin ba ne kawai. Tunda ba za a iya yi wa kowa ba, sai a raba jama'a gida biyu, masu akwati da masu takarda. Kuma labari yana zagawa. Ɗan'uwa mai ƙaramin ƙarfi zai ga akwatin a falon ɗan'uwansa mai hali, ya san matsayin da aka ajiye shi. Hadisi ya kira walimar da ake gayyatar mawadata a bar talakawa da mafi sharrin abinci, kuma ina ganin wannan gargaɗin ya shafi yadda ake gayyatar ma. Wanda yake da hali ya kuma ga dole sai ya yi, ya taƙaita shi ga fada da manyan ofisoshi, dangi kuwa kowa ya samu iri ɗaya.

Saƙon waya

Wajen kuɗi da sauri babu mai kama ƙafarsa. Mai zane ya haɗa hoto ɗaya, cikin awa guda ya isa Legas, Kumasi, Yawunde da Jidda. In an samu canji, a minti kaɗan kowa ya ji. Ana iya haɗawa da alamar taswira da za ta kai baƙo har ƙofar gida. Ga abokan makaranta, abokan aiki, da dangin da ke wata ƙasa, wannan ita ce hanyar da ta dace, ba abin kunya ba ce.

Matsalar tana wurin yadda ake turawa. Ɗora kati a "status" ba gayyata ba ce, sanarwa ce, bayan awa 24 ma ta ɓace. Jefa shi a zauren WhatsApp mai mutum ɗari uku shi ma haka ne, kowa zai ɗauka da wani ake. Wanda ake son ya zo, a tura masa shi kaɗai, a fara da gaisuwa da sunansa, a rubuta layi biyu da bakin mai gayyata, sannan hoton ya biyo. A ɗauko hoton daga cikin waya a tura sabo, domin wanda aka cillo daga wata hira yana zuwa da alamar cewa turowa aka yi. Masu amfani da jerin aikawa na bai-ɗaya, wato "broadcast" na WhatsApp, su sani mutum 256 yake ɗauka, kuma wanda bai ajiye lambarka a wayarsa ba saƙon ba zai same shi ba, kai kuma kana can kana zaton ka gayyace shi. Buɗe sabon zaure a zuba mutane ba tare da an tambaye su ba, musamman a haɗa manya da yara wuri ɗaya, rashin ladabi ne.

Ba kowa ke buɗe data kullum ba, ba kuma kowa ke karatun boko ba. Ga irin waɗannan, kira ya fi komai, saƙon murya ya biyo baya. Gajeren saƙon tes yana shiga kowace irin waya, amma harafi 160 yake ɗauka, kuma da zarar an sa ƙ ko ɗ sai ya ragu zuwa 70, ya rabu kashi-kashi. Babba kuwa wanda nisa ya hana a je masa, mahaifi ne ya kamata ya kira shi da kansa ya ba da uzurin rashin zuwa, daga baya yara su tura katin.

Haɗarinsa shi ne mafi girma a cikin duka. Abin da ya shiga waya ya fita daga hannunka. Katin dina mai ɗauke da sunan zauren taro da lokaci, in ya zaga, an tanadi abincin mutum ɗari biyu sai ɗari biyar su zo, waɗanda aka gayyata da gaske su rasa wurin zama. Adireshin gida da lambobin waya da ranar da kowa ya san za a tara kaya da baƙi, a halin tsaron da ake ciki ba abin watsawa ba ne. Lambar asusun banki kuwa kada ta hau katin gayyata ko kaɗan. Tana mayar da gayyata roƙo, kuma abu ne mai sauƙi wani ya canja lambar ya ci gaba da turawa da sunanku. Mai niyyar gudummawa zai tambaya.

Dawwamarsa ma ba ta kai ta takarda ba. Saƙonni suna binne shi, waya tana cika a goge hotuna. Dole a sake tunatarwa saura kwana biyu ko uku.

Sanarwa a masallaci da rediyo

Wannan ta ɗaurin aure ce kawai. A gaya wa liman ko ladan ya sanar bayan salla, jama'ar unguwa sun ji ke nan, ba a kashe ko sisi ba. Gidajen rediyo, irin su Rediyon Kano, Freedom da Rediyon Tarayya na Kaduna, suna karɓar sanarwa da kuɗi, kuma tana amfani ga gidan da jama'arsa ke warwatse a ƙauyuka. Ba ta kiran kowa da suna, don haka ba ta ɗauke nauyin zuwa wurin manya. Kada a ambaci wurin walima ko dina a cikinta.

| Hanya | Girmamawa | Kuɗi | Dawwama | Gyara in an ɗage | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Ƙafa da goro | Mafi girma | Goro da kuɗin mota | Ana mantawa | Da wahala | Tsallake wani gida |
| Kati mai sauƙi | Babba | Matsakaici | Mai kyau | Sai an sake sanarwa | Kuskuren rubutu, rashin rabawa |
| Katin alfarma | Babba ga wanda ya samu | Mai yawa | Mai kyau ƙwarai | Asara | Fifita wasu a kan wasu |
| Saƙon waya | Ya danganta da yadda aka tura | Kaɗan | Rauni | Nan take | Gayyar soɗi, tsaro |
| Sanarwa | Ba ta kiran suna | Kyauta ko kaɗan | Babu | Da sauƙi | Taro ya wuce tsammani |

Game da lokaci, manya da na nesa su ji tun saura wata guda ko fiye, domin su shirya tafiya da masauki. Kati ya fita saura mako uku zuwa biyu. In ya fita da wuri ƙwarai a manta, in ya makara mutum ya ga kamar cike gurbi aka yi da shi. Matan da za su yi anko suna buƙatar lokaci fiye da haka saboda tela. Tsarin ma yana da muhimmanci: kada kati ya hau intanet kafin a gama zagaya manya. Kawu ya ga auren 'yar ƙanwarsa a wayar ɗansa kafin a zo masa, zuwan da za a yi daga baya ba zai wanke ba.

Wanne ya dace da wa

Mai ƙaramin ƙarfi da zai ɗaura aure a ƙofar gida ya yi walima daidai hali: ya sa kuɗinsa a goro da kuɗin mota, ya zagaya manya, liman ya sanar a masallaci, abokai a tura musu ta waya. In an buga kati ɗari na manya da wuraren aiki ya isa, in ba a buga ba ma aure ya ɗauru.

Gida mai yawan jama'a, irin na 'yan kasuwa, malamai ko masu sarauta: katin ɗaurin aure mai sauƙi da yawa, a raba dami-dami ga baffanni da kawunnai kowa ya gayyaci nasa, a ƙara da rediyo idan akwai dangi a karkara.

Wanda zai yi dina ko kamu a zauren haya mai ƙidayayyun kujeru: ƙaramin katin shiga daban, mai suna ko lamba, a ba da shi hannu da hannu. Wannan kada a ɗauki hotonsa, kada ya shiga waya.

Wanda danginsa ke wata jiha ko wata ƙasa: kira daga bakin mahaifi ko mahaifiya, sannan hoton kati ya bi baya. Idan akwai babba ɗaya a can da ake jin maganarsa, a aika masa kuɗin goro ya raba a madadin gida.

Auren bazawara, ko wanda aka sa wa gajeren lokaci, ko wanda ya zo kusa da rasuwa a dangi har ake son a yi shi ba hayaniya: a bar maɗaba'a, a je wa na kusa da ƙafa, sauran a kira su a waya ɗaya bayan ɗaya, a kuma gaya musu dalilin taƙaitawar.